Da Wace Fuska Muke Zuwa Gaban Allah? Lacca a Kan Tawali'u Cikin Addu'a

 An ba ni batun tawali'u cikin addu'a, kuma da yake rana ta ɗaga, ba zan ɓata muku lokaci da share fage ba.

Mu mutanen ƙasar nan ba ma bukatar malami ya koya mana durƙuso. Tun yaro bai iya ɗaure wandonsa ba ake nuna masa yadda zai tsuguna ya gaida babba, ya miƙa abu da hannun dama, ya sunkuyar da kai in ana masa faɗa. Da a gwiwa tawali'u yake, da mun daɗe da wuce kowa. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɗaure mai addu'a da siffa guda ba. Sulemanu ya durƙusa ya ɗaga hannuwansa sama ranar keɓe Haikali. Ubansa Dawuda shiga ya yi ya zauna a gaban Ubangiji. Hannatu a tsaye ta yi tata a Shilo, sarki Hezekiya yana fama da ciwo ya juya fuskarsa wajen bango ya yi kuka. Yunusa kuwa daga cikin kifi ya yi kira, ban ga inda zai samu filin durƙusawa a can ba. Dukansu an ji su. Don haka zancen jiki bari mu ajiye shi a nan.

Wajen shekara ta 530, wani bawan Allah mai suna Benedik ya kafa gidan masu keɓe kai don ibada a kan dutsen Monte Kasino a ƙasar Italiya, ya kuma rubuta musu ƙa'idojin zama. A babi na 20, da ya zo kan addu'a, misalin da ya ba su shi ne na zuwa gaban masu iko: in mutum ba ya tunkarar mai mulki da bukata sai da ladabi, to ina ga Ubangijin kowa da kome? Maganarsa gaskiya ce, kowane Bahaushe zai gane ta nan take. Sai dai mu da muka tashi a gindin fada mun san wani abu game da ladabin da ake yi wa manya, kuma abin nan shi ne yake bin mu har cikin majami'a.

Ku dubi mai neman alfarma a gidan wani babba. Tun daga ƙofar zaure ya tuɓe takalmi. Ya shiga a sunkuye, ya zube, ya dunƙule hannu ya yi jinjina. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, gatan marayu, bango majinginar talakawa. Ba zai taɓo abin da ya kawo shi ba sai ya ga fuskar maigida ta saki. Can a ƙarshe bukata ta fito kamar abin da ya tuna a hanya: dama yaron nan ne da ya gama makaranta, yana zaune. In an yi masa, ya ƙara faɗuwa. In an ce ya dawo wani mako, sai ya fito, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, kafin ya kai bakin titi ya riga ya labarta wa na kusa da shi asalin mutumin da yadda ya tara dukiyarsa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, wato ka sunkuya ka samu biyan bukata, in ka miƙe tsawonka yana nan. Wannan dabarar zaman duniya ce, sunanta fadanci. Tana cin nasara ne saboda babban ba ya ganin zuciya, kuma yana jin daɗin yabo.

Allah yana ganin zuciya, yabonmu kuma ba ya ƙara masa kome. Yesu ya gaya wa almajiransa a Matiyu sura 6 cewa Uba ya san bukatarsu tun ba su buɗe baki ba. To, dogon kirarin da muke jerawa kafin mu kai ga roƙo, in don mu tausasa shi ne, aikin banza muke yi. In kana so ka san ko sujada kake yi ko fadanci, ka saurari abin da zuciyarka ke cewa game da Allah ranar da ya ce maka ba yanzu ba.

Abin da nake so in bar muku yau guda ne. Tawali'u a addu'a shi ne mutum ya tsaya gaban Allah da gaskiyar halinsa, bai ɓoye kome ba, bai kuma zo karɓar bashi ba. Inda aka fi bayyana wannan shi ne Luka sura 18, a misalin mutum biyu, Bafarisiye da mai karɓar haraji, da suka hau zuwa Haikali yin addu'a.

Mun saba jin sunan Bafarisiye kamar zagi, har mun manta yadda masu sauraron Yesu suke kallonsa. Farisiyawa su ne mutanen da suka ɗauki Shari'ar Musa da muhimmanci har cikin kasuwa da madafa. Shari'a ta wajabta azumi rana guda a shekara, Ranar Kafara. Wannan mutum yana yi sau biyu kowane mako. Yana fitar da zakka daga duk abin da ya samu, kuma mun sani daga Matiyu sura 23 cewa irinsu har ganyen ƙanshin da ake sa wa miya sukan fitar wa zakka. Ba ya ƙwace, ba ya zina. Yesu bai ce ƙarya yake yi ba ko a guda. Ku gaya mini gaskiya, iyayena dattawa: da wannan mutum zai shigo ikkilisiyarmu, wata nawa zai yi kafin mu ba shi ma'aji? Ni dai da hannu biyu zan zaɓe shi.

Ɗayan kuwa mai karɓar haraji ne. A ƙarƙashin mulkin Roma, kuɗin fito da na kan hanya kwangila ake bayarwa. Mutum ya biya hukuma, sannan ya zauna a bakin hanya ya tatsi jama'a ya mayar da kuɗinsa da riba, yawan ribar kuma ya danganta ga ƙarfin rashin kunyarsa. Shi ya sa da irinsu suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, abin da ya gargaɗe su a kai shi ne kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Ɗan gari ne da ke cin 'yan'uwansa a madadin baƙo. Kada mu mai da shi wani bawan Allah mai kunya da aka yi wa mummunar fahimta. Azzalumi ne, kuma ya san haka.

Bafarisiyen ya fara da godiya, abin da kowane malamin addu'a zai ce daidai ne. Amma godiyar tasa a kan me? A kan cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne. Ya lissafa masu zunubi iri-iri, sannan ya waiga ya ga wancan mutumin, ya saka shi cikin jerin. A nan addu'ar ta karye. Mutumin da ya shigo don ya dubi Allah, ga shi yana duban na gefe. Kuma in kun lura, daga farko har ƙarshe bai roƙi kome ba. Me zai roƙa? Rahoto ya kawo. Shi kuwa mai harajin ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido, yana bugun ƙirji. Jimla guda ya iya furtawa, ya kira kansa mai zunubi ya nemi jinƙai. Babu mutum na uku a cikin addu'arsa. Bai ce aikin ne ya tilasta masa ba, bai ce na sama da shi sun fi shi ci ba, ko da yake wataƙila sun fi shi. Yesu ya ce wannan ne ya koma gida karɓaɓɓe a wurin Allah, wancan kuwa a'a.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Mu kuma mun ƙware a wani salo da zan kira addu'ar habaici. Kun san ta. An tashi daga taron kwamiti da rai a ɓace, ran Lahadi fasto ya ce wa dattijo wane ya rufe mana da addu'a. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya. Minti biyu na farko lafiya lau. Daga nan sai: ya Uba, ka taɓa zukatan waɗansu a cikinmu da suke ganin kuɗin ginin nan gadon gidansu ne; ka tuna wa waɗansu iyaye mata cewa zumunta ba dandalin gulma ba ne. Kawuna a sunkuye, amma ido ɗaya-ɗaya yana buɗewa yana leƙen bencin da ake nufi. Wadda aka soka ta ji, ta haɗiye, tana jiran ranar da za a ce ita ta yi addu'ar buɗewa. Duk muka ce amin. Amin ga me? Mutumin nan da mu yake magana, ya ari sunan Allah ne kawai don kada a iya mayar masa da martani.

A ƙarni na 4, a hamadar Sketis ta ƙasar Masar, akwai wani baƙin mutum da ake kira Abba Musa, tsohon ɗan fashi da ya tuba ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ibada na wurin. An ba da labari cewa wani ɗan'uwa ya yi laifi, aka kira taro don a hukunta shi, aka aika wa Musa. Da farko ya ƙi zuwa. Da aka matsa, sai ya cika kwando mai huda da yashi ya saɓa a baya ya taho. Aka tambaye shi ma'anar wannan, ya ce zunubansa ne suke zuba a bayansa ba ya ganinsu, ga shi kuma an kira shi ya yanke wa wani hukunci. Taron ya watse, aka yafe wa mai laifin.

'Yan'uwanmu na Ikkilisiyar Otodoks, irin na Girka da Rasha, suna da wata al'ada da take burge ni. Suna azumin Laraba da Jumma'a kusan duk shekara. Kimanin mako uku kafin babban azumin da ke gaban Ista, akwai Lahadin da suke karanta wannan misali na Luka 18, kuma a makon da ke biye an ɗage azumin Laraba da Jumma'ar gaba ɗaya. Kowa ya ci ya sha, don kada wani ya samu abin tinƙaho. Ikkilisiyar da ta san azumi da kyau ce kaɗai za ta san irin girman kan da yake iya haifarwa.

Girman kai kuma yana iya sa tsumma. Na sha jin shaida a gaban jama'a inda mutum zai kwashe rabin sa'a yana zayyana irin giyar da ya sha da matan da ya bi da mutanen da ya razana, fuskarsa tana walƙiya, alherin Allah kuwa ya samu jimla biyu a ƙarshe. Ko wajen zunubi ma so yake ya zo na ɗaya.

Yanzu ga tambayar da na san tana zuciyar waɗansu. In haka ne, ashe mai tawali'u shi ne wanda ya yi shiru, ya karɓi duk abin da ya zo, ba ya roƙon babban abu? Sam. Ku buɗe Farawa sura 18. Ibrahim ya kira kansa ƙura da toka, kuma da wannan bakin ya tsaya yana ciniki da Allah a kan Saduma. Ya fara daga adalai 50, ya sauko 45, 40, 30, 20, har 10. Ko a kasuwar shanu ba kowa ke da wannan ƙarfin hali ba.

Ko ku ɗauki matar nan Bakan'aniya ta yankin Taya da Sidon, a Matiyu sura 15. 'Yarta tana shan azaba. Ta yi kira, Yesu bai amsa ba. Almajirai suka ce a sallame ta, ta dame su. Ya ce an aiko shi ne ga gidan Isra'ila. Ta zo ta durƙusa. Ya yi mata maganar abincin 'ya'ya da karnuka, maganar da da ni aka yi wa, wataƙila da na kama hanyar gida. Ita kuwa ba ta tsaya kare martabarta ba. Ta karɓi matsayin, ta ce ai ɓarɓashin da ke faɗowa daga tebur ya ishe ta. Ya yaba bangaskiyarta, yarinyar ta warke. Mai girman kai ba zai iya nacin nan ba, domin yana da abin da yake tsoron zubarwa. Ita ba ta zo da kome ba, don haka babu abin da zai kore ta. A shekara ta 1548, Tomas Kranma, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya saka wata addu'a cikin tsarin Jibin Ubangiji wadda ta ɗauko hoton ɓarɓashin nan, 'yan'uwanmu Anglikan suna yin ta har yau. Mai sujada ya furta cewa bai cancanci ko abin da ya zube a ƙarƙashin teburin ba, sannan ya tashi ya je teburin ya ci. Dukansu biyun, furcin da tashin, tawali'u ne.

Ina jaddada wannan ne saboda akwai a cikinmu waɗanda aka ƙona wa gida, waɗanda suka binne 'ya'ya, waɗanda suka sayar da gona don su fanso ɗan'uwa daga daji. Zalunci ne a je wa irin waɗannan da wa'azin cewa mai tawali'u ba ya tambayar Allah dalili. Ayuba ya tambaya, da zafi ma. Abokansa uku suka yi ta kare Allah da kyawawan kalmomi, amma a sura ta 42 su Allah ya tsauta wa, ya kuma ce Ayuba ne zai yi musu addu'a. Annabi Habakuk da ƙara ya buɗe littafinsa. Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da kalmar ta'aziyya ko guda ba, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Wanda ya kai wa Allah ɓacin ransa yadda yake ya fi kusa da mai karɓar haraji fiye da wanda ya shafa murmushi a kan miki.

Amma naci daban, ba da umarni daban. Wani salo ya shigo mana a 'yan shekarun nan, musamman a taron addu'ar dare, inda za ka ji matashi yana cewa yana zartarwa, yana ba da umarni, kafin ƙarshen watan nan dole abu kaza ya faru. 'Ya'yana, ina ƙaunar zafinku, ya fi sanyin da yawancinmu manya muke ciki. Sai dai ku bincika Linjila da kanku. Yesu ya umarci aljanu, ya umarci iska da teku, ya umarci Li'azaru ya fito daga kabari. Ku nuna mini inda ya umarci Uba. A Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, yana miƙa kansa ga nufin Uban, kuma ba a ɗauke ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar ta zauna. Ko za mu ce waɗannan biyun bangaskiya ce ta yi musu ƙaranci? Haka kuma masu kiran wuta a kan maƙiya su tuna an riga su. Yakubu da Yahaya sun nemi izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, a Luka sura 9. Juyowa ya yi ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye.

Ga masu hali a cikinmu kuwa, akwai wani labari daga nan Afirka. A shekara ta 410 mayaƙan Alarik suka washe birnin Roma. Cikin waɗanda suka tsere zuwa Afirka ta Arewa har da wata gwauruwa mai suna Proba, daga ɗaya daga cikin gidajen da suka fi kowa arziki a daular. Ta nemi Agustin, bishop na Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya koya mata yin addu'a. A doguwar wasiƙar da ya mayar mata, bai fara da kalmomin da za ta faɗa ba. Ya fara da cewa duk da dukiyarta da 'ya'ya da jikokin da ke kewaye da ita, sai ta ɗauki kanta marar gata a duniyar nan kafin addu'arta ta zama addu'a. Wannan ya fi wa mai kuɗi wuya fiye da bayar da baiko mai kauri, domin ya saba duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa a buɗe masa da gudu. A wasiƙar nan kuma ya ba ta labarin masu ibada na Masar, cewa addu'o'insu gajeru ne ƙwarai, amma a kai a kai. Benedik ma gajeriyar addu'a ya umarta in ana tare. Mu da muke auna ƙarfin addu'a da tsawonta da ƙarar lasifika, har maƙwabci mai jinya ya kasa runtsawa, ya kamata mu tambayi kanmu wa muke so ya ji. Hannatu leɓunanta kaɗai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu, ga shi kuwa Sama'ila ya fito daga wannan addu'ar.

Saura abu guda. Wani zai ce, to mai harajin nan ya bugi ƙirji ya koma gida, mutanen da ya tatsa fa? Luka bai bar mu da wannan tambaya ba. Sura guda a gaba, a Yariko, ya kawo mana Zakka, shugaban masu karɓar haraji, attajiri, wanda ya ajiye girmansa ya hau bishiya kamar yaro don ya ga Yesu. Da Yesu ya shiga gidansa, sai ya tashi a gaban mutane ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yesu da kansa ya koyar a Matiyu sura 5 cewa in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ku lura, bai ce in kai kake da ƙara a kansa ba. Kai ne mai laifin, kai ne za ka taka zuwa ƙofar gidansa, ka yi sallama, ka jira a fito, wataƙila ma yaransa suna kallo. Ce wa Allah ni mai zunubi ne cikin ɗaki a rufe yana da sauƙi, tun da ba zai faɗa wa kowa ba. Mai aikin da aka riƙe wa albashin wata uku, da gwauruwar ɗan'uwa da aka cinye wa gona, da abokin ciniki da aka tauye wa mudu, su ma suna da kunne, kuma suna zaune a benci ɗaya da mu ran Lahadi suna jin muna cewa a gafarta mana.

Shugaban taro, nan zan dakata a ba masu tambaya dama.